Layi Huɗu, Reza da Salatef: Yadda Faifan Sgt. Pepper Ya Sauya Aikin Waƙa

A daren 29 ga Agusta, 1966, samari huɗu 'yan birnin Liverpool suka hau dandamali a filin wasa na Candlestick Park da ke San Francisco a Amurka. Suka rera waƙoƙi 11 cikin kamar rabin awa, suka sauka, aka saka su a mota mai sulke aka fice da su. Daga wannan dare ƙungiyar Beatles ba ta sake sayar da tikiti don a zo a kalle ta ba. John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr sun bar dandamali a lokacin da babu mawaƙan da suka kai su suna ko kasuwa a duniya.

A wurin Bahaushe, makaɗin da ya daina fita wasa ya ajiye sana'a ke nan. Haka su ma jaridun Ingila da yawa suka ɗauka, har aka fara raɗe-raɗin cewa ƙungiyar ta watse. Wata tara bayan haka sai ga faifai mai dogon suna, Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band. Waƙoƙi 13 ne, tsawonsu bai cika minti 40 ba, amma tun daga lokacin amsar wata tsohuwar tambaya ta canza: shin faifai shaidar abin da makaɗa suka yi ne a wani ɗaki, ko kuwa shi kansa ne aikin? Duk wanda ya taɓa jin waƙar da aka haɗa a kwamfuta, daga Landan har Kano, yana rayuwa ne a cikin amsar da wannan faifai ya bayar.

Abin da ya kore su daga dandamali

Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga 1963 ihun 'yan kallo ya fi ƙarfin kayan sautin zamanin. A watan Agustan 1965 sun yi wasa a filin Shea da ke New York a gaban mutum sama da 55,000, amma su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa. Makaɗin da ba ya jin hannunsa kuwa, hannun lalacewa yake yi.

Shekarar 1966 ta ƙara musu da tsoro. A Filifin an ɗauki rashin zuwansu liyafar matar shugaban ƙasa, Imelda Marcos, a matsayin raini, aka janye musu 'yan tsaro, da ƙyar suka kai ga jirgi. A kudancin Amurka wata magana da Lennon ya yi game da addinin Kirista ta harzuƙa jama'a, aka riƙa tara faya-fayansu ana cinna musu wuta, ana aiko musu da barazanar kisa.

Akwai kuma dalili na uku, wanda ya fi shafar labarinmu. A farkon watan Agustan 1966 suka fitar da faifan Revolver, amma a rangadin da suka yi a watan babu waƙa ko ɗaya daga cikinsa da suka rera. Wasu daga cikin waƙoƙin an gina su ne da dabarun na'ura waɗanda jita biyu da bas da ganga ba za su iya maimaitawa ba. Kiɗan ya riga ya canza, sai rawar ta bi shi.

Faifai kafin zuwan tef

Don a gane girman abin da ya faru, sai an waiwaya baya kaɗan. A rabin farko na ƙarni na 20, ɗaukar waƙa kamar ɗaukar hoto ne. Makaɗa su taru, a ba su alama, su fara, allura tana sassaƙa sautin kai tsaye a kan faifai. In wani ya yi kuskure a minti na uku, sai a jefar a sake daga farko. Wanda ya saurari tsofaffin ɗaukan Mamman Shata ya san irin wannan faifai: abin da ka ji shi ne abin da ya faru, da kalangu da 'yan amshi da tarin wani a gefe, duk a zama ɗaya.

Tef ne ya karya wannan doka. Jamusawa suka ƙera na'urarsa a shekarun 1930, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta bazu zuwa Amurka da Ingila. Tef ana iya yanka shi da reza a liƙe da salatef. Ana iya juya shi ya yi tafiya da baya, a ƙara masa sauri ko a rage, a haɗa bakinsa da wutsiyarsa ya zama zobe mai maimaita kansa. Masu gwaje-gwaje sun daɗe da hango wannan. A 1944, wani ɗalibi a Alƙahira mai suna Halim El-Dabh ya ɗauki sautin bikin zar, wanda ya yi kama da borinmu, a kan na'urar waya, ya sarrafa shi ya mayar da shi wani sabon abu. A 1948 Pierre Schaeffer ya fara irin wannan aiki a gidan rediyon Faransa da ƙarar jirgin ƙasa. A Amurka, Les Paul ya nuna cewa mutum ɗaya zai iya ɗora jitarsa a kan jitarsa sau da yawa.

Sai dai yawancin waɗannan gwaje-gwaje a ɗakunan masana suka tsaya. Waƙar kasuwa ta ci gaba da bin tsohon tsari. Su kansu Beatles, waƙoƙi 10 daga faifansu na farko, Please Please Me, a yini ɗaya suka ɗauke su, ranar 11 ga Fabrairu, 1963, kuma kuɗin aikin bai wuce kamar fam 400 ba.

Gidan da ke titin Abbey Road

A wancan zamani, situdiyon kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan wuri ne mai tsauraran dokoki. Masu kula da na'urori farar riga suke sakawa kamar ma'aikatan asibiti, kuma akwai ƙa'idar tazarar da za a bari tsakanin makirufo da ganga don kada a lalata kayan kamfani. A nan Beatles suka yi kusan duk aikinsu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mutum uku da ba a ganin fuskarsu a jarida su ne suka riƙe ɗaya gefen.

Na farko shi ne furodusa George Martin. Ya karanta kiɗan gargajiyar Turai a makarantar Guildhall, ya kuma shafe shekaru yana haɗa faya-fayan barkwanci da irin su Peter Sellers, inda ya saba ƙirƙiro wuri da yanayi da sauti zalla. Beatles ba su iya rubuta kiɗa a takarda ba. Sukan faɗi abin da suke ji a kai, Martin ya mayar da shi abin da makaɗi zai karanta. Na biyu shi ne injiniya Geoff Emerick, wanda aka damƙa wa aikin yana ɗan shekara 20. Ƙuruciyarsa ta yi rana, domin bai daɗe da dokokin gidan ba balle ya ji tsoronsu: ya cusa rigar sanyi a cikin babbar gangar Ringo, ya matso da makirufo dab da fatarta. Na uku, Ken Townsend, shi ne mai ƙere-ƙere. Lennon ya tsani rera waƙa sau biyu don a ɗora murya a kan murya ta yi kauri, sai Townsend ya ƙirƙiro dabarar da na'ura za ta kwafi muryar ta jinkirta ta da ƙiftawar ido, a ji kamar mutum biyu ne.

Ga kuma babbar matsalar. Na'urar ɗaukar sautin gidan, ƙirar Studer J37, layi huɗu kacal take da shi a kan tef. Wato abu huɗu ne kawai za a iya ajiyewa daban-daban, alhali wasu situdiyoyi a Amurka sun riga sun mallaki mai layi takwas. Mafitar ita ce: idan layuka huɗun sun cika, sai a gauraya su a zuba a layi ɗaya ko biyu na wata na'urar, a sami sarari a ci gaba da ɗorawa. Amma abin da aka gauraya ya gaurayu har abada, kamar gishirin da ya shiga miya. In ganga ta yi ƙarfi da yawa a wannan mataki, babu gyara gobe. Kowace zubawa kuma tana ƙara wa tef ɗin shuu. Saboda haka dole a kowane mataki wani ya yanke hukunci, ya kuma tsaya a kansa. Ka riƙe wannan, mai karatu, za mu dawo gare shi.

Ba su kaɗai ke wannan tsere ba. A Amurka, Brian Wilson na ƙungiyar Beach Boys ya ji faifansu na Rubber Soul, ya mayar da martani da Pet Sounds a watan Mayun 1966. McCartney bai taɓa ɓoye cewa Pet Sounds ne ya tsaya masa a rai ba, musamman yadda bas ke tafiya kamar mai rera tasa waƙar. Shi ya sa a sabon aikin yakan bar bas ɗinsa sai a ƙarshe, ya ba shi layinsa shi kaɗai.

Kwanakin aiki

An fara ranar 24 ga Nuwamba, 1966, da waƙar Lennon mai suna Strawberry Fields Forever, wadda ya sa wa sunan wani gidan marayu da ke kusa da inda ya tashi. Aka ɗauke ta iri biyu: ɗaya a hankali da kayan ƙungiyar, ɗaya kuma da sauri, da ƙahonni da manyan gogen Turawa, sautinta ya fi na farkon ɗagawa. Lennon ya ce yana son farkon ta farko da ƙarshen ta biyu, ya bar su da aikin. A ƙa'ida ba mai yiwuwa ba ne. Amma duk wanda ya yi zamanin kaset ya san idan batir ya yi sanyi, tef ya rage gudu, muryar mawaƙi sai ta yi kauri ta sauka. Martin da Emerick suka rage gudun ta biyu, suka ɗan ƙara na ta farko, sai ga su sun hadu a gudu da sauti. Emerick ya yanka da almakashi ya liƙe a daidai minti ɗaya da farawa. Waƙar da duniya ta sani ba a taɓa kaɗa ta a haka a wani ɗaki ba. A kan tef aka haife ta.

Kamfani ya matsa yana son sabon abu a kasuwa, sai aka fitar da ita tare da Penny Lane a ƙaramin faifai a watan Fabrairun 1967, aka kuma cire su daga babban aikin. Martin ya yi ta nadamar wannan har tsufansa.

Sunan faifan kuwa a hanyar dawowa daga Afirka aka same shi. A watan Nuwamban 1966 McCartney ya je hutu Kenya, a cikin jirgin komawa Landan ya yi tunanin su saka rigar wata ƙungiyar da babu ita, ƙungiyar wani Saje Pepper, don su kuɓuta daga abin da jama'a ke tsammani daga Beatles. Wanda ya saka abin rufe fuska yakan yi abin da ba zai yi da fuskarsa ba.

Haka kuwa aka yi. Lennon ya sayi wata tsohuwar takardar talla ta 1843 a shagon kayan da, mai sanar da wasan nishaɗi na Pablo Fanque, baƙar fata da ya mallaki tawagar wasan dawaki a Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya. Daga ita ya rubuta Being for the Benefit of Mr. Kite!, ya ce yana son mai sauraro ya ji kamar yana tsakiyar filin wasan. Martin ya sa aka kwaso tsofaffin ɗaukan kiɗan irin waɗannan filaye, aka yayyanka tef ɗin guntu-guntu, aka watsa sama, aka tsince aka liƙe yadda ya faɗo. Harrison, wanda ya yi makonni shida a Indiya yana koyon sita a wurin Ravi Shankar, ya kawo Within You Without You, inda makaɗan Indiya da tabla da dilruba suka zauna tare da masu gogen Turai, babu wani ɗan Beatles a ciki sai shi.

Sai waƙar ƙarshe, A Day in the Life, wadda ita ce ƙashin bayan wannan tarihi. Lennon ya rubuta ɓangarensa daga labaran jarida, ciki har da mutuwar wani matashi da suka sani a hatsarin mota. McCartney yana da wani guntun waƙa daban game da saurin fita da safe. Ba su san yadda za su haɗa biyun ba, sai suka bar gurbi mai gaɓa 24 babu komai, mai yi musu hidima Mal Evans yana ƙirgawa da baki, a ƙarshe agogon ƙararrawa ya buga. Ƙarar agogon ta shiga tef ba ta cirewa, sai ta zauna daram, domin ɓangaren McCartney da farkawa daga barci ya fara.

Ranar 10 ga Fabrairu, 1967, aka kirawo makaɗa 40 na babbar tawagar kiɗan Turai don cike gurbin. Martin ya rubuta wa kowa sautin da ya fi ƙasa a kayan kiɗansa a farko, da mafi sama a ƙarshe, ya ce kowa ya hau a kan gudun kansa, kada ya saurari na kusa da shi. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna koyon tafiya tare aka umarce su da su rabu. Townsend ya haɗa na'urori biyu da wani amo da ke sa su gudu tare, aka ɗauki makaɗan sau da yawa aka ɗora, 40 suka koma kamar runduna. Ranar 22 ga wata, Lennon da McCartney da Ringo da Evans suka danna dunƙulen sauti ɗaya a kan fiyano uku a lokaci guda. Yayin da sautin ke mutuwa, Emerick yana ta ɗaga maɓallin ƙara don ya raya shi, har ya haura daƙiƙa 40, har ana jin motsin kujera a ɗakin.

Faifai ya zama littafi

An kammala a watan Afrilun 1967. Emerick ya ƙiyasta awa 700 na aiki, kuɗin kuwa kamar fam 25,000, wato ninkin na faifan farko sama da sau 60. Ya fito a Ingila a ƙarshen Mayu, a Amurka ranar 2 ga Yuni.

Sabon abu bai tsaya a sauti ba. A da, babban faifai tarin waƙoƙi ne, biyu masu kasuwa sauran cike gurbi. Wannan kuwa an tsara shi don a saurara daga farko zuwa ƙarshe: ya buɗe da hayaniyar 'yan kallo, waƙoƙi suna shiga juna ba tare da shirun da aka saba bari ba, waƙar buɗewa ta dawo dab da rufewa. An buga kalmomin waƙoƙin a bayan bango, abin da ba a saba yi wa faifan rok ba. Bangon gaba, aikin Peter Blake da Jann Haworth, ya tara hotunan marubuta da 'yan fim da masana, har da Karlheinz Stockhausen, Bajamushen da ya shahara da kiɗan na'ura. Babu waƙa ko ɗaya da aka cire aka sayar daban a lokacin. Mai so sai ya sayi littafin duka.

Ya yi mako 27 a saman jerin kasuwar Ingila, mako 15 a ta Amurka. Gidan rediyon BBC ya hana saka A Day in the Life bisa zargin tana nuni da shaye-shaye, hakan bai rage komai ba. A 1968 ya ci kyautar Grammy huɗu, ciki har da ta faifan shekara, karo na farko da faifan rok ya ci ta, da ta aikin injiniya wadda Emerick ya karɓa.

Magada

Makaɗa ne suka fara gane abin da ya faru. Ranar 4 ga Yuni, 1967, kwanaki kaɗan da fitowarsa, Jimi Hendrix ya buɗe wasansa a ɗakin Saville na Landan da waƙar farko ta faifan, McCartney yana zaune cikin 'yan kallo. A ɗakin da ke maƙwabtaka da nasu a Abbey Road, wasu samari masu suna Pink Floyd suna haɗa faifansu na farko a watannin nan, a ƙarƙashin Norman Smith, tsohon injiniyan Beatles, har an shigar da su sun kalli aikin waƙar Lovely Rita. Wani matashin mai jita, Robert Fripp, ya sha ba da labarin yadda ya ji hawan makaɗan nan 40 a Rediyo Luxembourg cikin dare, abin ya juya masa rayuwa. A watan Oktoban 1969 ƙungiyarsa King Crimson ta fitar da In the Court of the Crimson King, wanda masana da yawa ke ɗauka a matsayin cikakken mafarin salon da Turawa suka sa wa suna progressive rock, wato rok na ci gaba, mai neman zarce iyakar da aka saba tsayawa.

Abu uku wannan salo ya gada. Na farko, izinin tsawo: waƙa ba dole ta tsaya a minti uku ba, tana iya zama gini mai ɗakuna. A 1972 kaɗai, Yes ta fitar da Close to the Edge mai minti 18, Genesis ta fitar da Supper's Ready mai kusan minti 23, Jethro Tull kuma ta cika fuska biyu na faifai da waƙa ɗaya, Thick as a Brick. Na biyu, izinin aro: kiɗan gargajiyar Turai da jaz da na Indiya duk sun halatta. Moody Blues ta haɗa kai da tawagar makaɗa a Days of Future Passed tun Nuwamban 1967, kuma Mellotron, kayan kiɗan da kowane maɓallinsa ke kunna guntun tef, wanda ya buɗe Strawberry Fields Forever, ya zama tambarin salon. Na uku, situdiyo a matsayin kayan kiɗa. Mike Oldfield ya kaɗa kusan komai shi kaɗai a Tubular Bells na 1973, layi a kan layi.

Kasuwa ma ta bi. Kamfanoni da suka ga matasa suna sayen babban faifai suka buɗe rassa na musamman don irin wannan kiɗa, EMI ta buɗe Harvest, Philips ta buɗe Vertigo, duk a 1969. A ƙarƙashin Harvest ne The Dark Side of the Moon na Pink Floyd ya fito a watan Maris na 1973. A Abbey Road aka yi shi, a kan layi 16, injiniyansa Alan Parsons ya fara ne da yi wa Beatles ƙaramin aiki. Ƙarar sulalla da akwatin kuɗin kanti da ke buɗe waƙar Money zoben tef ne da aka yanka aka liƙe da hannu, jikan guntayen da aka watsa sama a 1967. Makonnin da ya yi a jerin kasuwar Amurka sun haura shekara 14.

Iskar ta wuce Ingila. A Burazil, Gilberto Gil da Caetano Veloso da Os Mutantes sun ɗauki darasin suka cakuɗa shi da kiɗan ƙasarsu a yunƙurin Tropicália na 1968. A Landan, Osibisa, wadda 'yan Gana suka kafa, ta fito a 1971 da bangon da Roger Dean ya zana, mai zanen da daga baya ya zama fuskar faya-fayan Yes.

Inda jifa ya faɗo

Ba kowa ya yi tafi ba. Tun a watan Yunin 1967, Richard Goldstein ya rubuta a jaridar New York Times cewa ado ya fi waƙa yawa a faifan. Lennon da kansa ya ce labarin Saje Pepper bai wuce waƙoƙin buɗewa da maimaicin ƙarshe ba, sauran za su iya zama a kowane faifai. Ringo ya ce abin da ya fi tunawa shi ne ya koyi wasan dara na Turawa saboda zaman jira. Frank Zappa ya yi wa bangon shaguɓe a 1968. A Janairun 1969 Beatles da kansu suka yi yunƙurin komawa tsohon tsari, su huɗu a ɗaki babu ɗore-ɗore.

Magadan kuma wasu sun ɗauki girma a matsayin zurfi. Beatles sun bar dandamali don su sami 'yancin situdiyo, su kuwa sai suka yi ƙoƙarin ɗauko situdiyon su kai shi dandamali, da manyan motoci cike da kaya. A 1973 Yes ta fitar da faifai biyu masu waƙa huɗu kacal. A 1975 Rick Wakeman ya gabatar da labarin Sarki Arthur da 'yan wasa a kan ƙanƙara a Wembley. A 1977 Emerson, Lake and Palmer suka fita rangadi da cikakkiyar tawagar makaɗa, kuɗi ya tilasta musu sallamarta a hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: matasan Ingila marasa aikin yi, waɗanda ba su da kuɗin irin waɗannan kaya, suka zo da kiɗan fank mai zafi, gajere, wanda kowa zai iya koya a mako guda. Ƙungiyar Sex Pistols ce a gaba, kuma ba ta ɓoye ƙyamarta ga manyan ba.

Abin da ya saura

Salo ya tashi ya faɗi, amma hanyar aikin ba ta koma baya ba. Yau kusan babu waƙar kasuwa da ake ɗauka a zama ɗaya. A situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos, mai fiyano ya gina kiɗa layi-layi, mawaƙi ya shigo daga baya, mawaƙiya wataƙila sai gobe, a gyara murya, a ninka amshi. Idan aka je biki, sau da yawa faifan ake sakawa mawaƙin ya bi. Dandamali ne yanzu ke kwaikwayon faifai, akasin yadda aka faro.

Wayar da kake karanta wannan rubutu a kai tana iya ɗaukar layuka fiye da duk na'urorin Abbey Road na 1967 a haɗe, kuma babu abin da ke gaurayuwa har abada, komai ana iya warware shi da danna maɓalli. A nan ne darasin layi huɗu yake. Mutanen nan ba su da damar cewa a bari sai gobe. Sai sun san abin da suke nema kafin su zuba layi a kan layi, sai sun yarda da ƙarar agogon da ta ƙi fita, sai wani ya ɗauki reza ya yanka tef ɗin da babu kamarsa. Yes da Genesis da sauransu sun gaji izinin yin komai, amma waɗanda aikinsu ya rayu a cikinsu su ne waɗanda suka gaji iya zaɓe.

A 2017, cikar faifan shekara 50, Giles Martin, ɗan George Martin, ya koma kan tsofaffin tef-tef ɗin da EMI ta adana, ya sake haɗa su, faifan ya sake hawa saman kasuwar Ingila. Wanda ke son ya ji da kunnensa, ya saka abin sauraro a wuri mai shiru, ya nemi Strawberry Fields Forever ya kasa kunne a daidai minti ɗaya. Ɗinkin yana nan. Wanda ya taɓa jin sa sau ɗaya, ba zai sake wuce wurin bai ji shi ba.